Wuya da ciwon sanƙarau

Wuya shi ne ke haɗa kai da gangar jiki. A cikinsa akwai ƙasusuwa 7, jere ɗaya bisa ɗaya. Raƙumin dawa na Kure, duk tsawon wuyansa, shi ma ƙasusuwa 7 gare shi. Kowane ƙashi yana da rami a tsakiya. Ta nan laka ke bi, tana kai saƙon ƙwaƙwalwa zuwa hannuwa da ƙafafu. Ta gaban wuya kuma akwai hanyar numfashi, da hanyar abinci, da manyan jijiyoyin jini.

Kan babban mutum ya kai kilo 5. A ƙauyukan Tasawa da Mayahi, wuya yana ɗaukar abin da ya fi haka. Jarka mai lita 20 cike da ruwa nauyinta kilo 20 ne. Yarinyar da ta ɗauko ta daga rijiya takan kwana da ciwon wuya. Wannan ciwon gajiya ne, hutu yana maganinsa. Gammo yana taimako, amma rage kayan ya fi.

Idan mutum ya faɗo daga bisa itace, ko amalanke, ko babur, yana kukan wuya, kada a ja shi, kada a murɗa kansa. Ƙashin da ya karye yana iya yanke laka, jiki ya shanye. A riƙe kansa daidai da jikinsa, a kira malamin asibiti.

Akwai wani ciwon wuya mai haɗari ƙwarai, shi ne sanƙarau. Ƙwayoyin cuta ne ke kama tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Suna yaɗuwa ta tari da atishawa, musamman a ɗakin da mutane suka cunkushe. Cutar ta fi yawa daga hunturu zuwa bazara, lokacin ƙura. Jihar Maraɗi tana cikin yankin da take yawan aukuwa, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha. A 1996 ta kashe mutum wajen 25,000 a Afirka. A 2010 aka soma wata sabuwar allurar rigakafi a Nijar, iri ɗaya na cutar ya ja baya. Amma a 2015 wani irin ya ɓarke.

Yaya ake gane sanƙarau? Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, amai, wuya ya sandare har haɓa ta kasa taɓa ƙirji. Jariri kuwa maɗigarsa kan kumbura. Sanƙarau tana iya kisa cikin kwana ɗaya, ko ta bar yaro kurma. Kada a tsaya tausa ko jiƙo. A kai mara lafiya asibiti nan da nan, ko da dare ne.

Tambayoyi

1. Ƙasusuwa nawa ne a wuya?
2. Me ya sa ba a murɗa kan wanda ya faɗo?
3. Ta yaya ake bambanta ciwon gajiya da sanƙarau?