Darasi: Kumfa a Tukunyar Tsiro, da Abin da Ya Dace a Sa Mata

Lokacin kaka ya zo, dawa ta shiga rumbu, kuma a ƙauyukanmu an fara jiƙa hatsi domin gayya da bikin aure da Kirsimeti. A wani taron horaswa da muka yi da shugabannin zumuntar mata a Nassarawa GRA cikin Kano, wata uwa ta kawo ƙaramar kwalba marar suna ko rubutu. Ta ce ɗanta da ke aiki a wata masana'anta ne ya kawo mata, wai ɗigo biyu suna kwantar da kumfar kowace tukunya. Ta tambaya ko za ta iya sa shi a dahuwar tsiro. Amsarmu ita ce a'a, kuma darasin nan bayanin dalilin ne.

Bari mu faɗi wata magana tun da fari. Yawancin ikilisiyoyinmu sun hana giya, dokar Jihar Kano ma ta hana sayar da ita da shanta, kuma ba mu zo mu sāke wannan ba. Amma mun sani a ƙauyuka da yawa, daga kudancin Katsina zuwa Kaduna da Filato, har yanzu akwai gidajen da ake dafa burkutu da fito, kuma 'yan'uwanmu ne da maƙwabtanmu. Ban da haka, tsiron nan shi ne ke shiga kunun zaki. Kumfa ɗaya ce, haɗarin ma ɗaya ne.

Daga ina kumfa take fitowa?

Sa'ad da ƙwayar dawa ta tsira, sinadarin gina jiki da ke cikinta yakan saki, ya narke a ruwa. Idan aka ɗora tukunya a wuta, tururi yana tasowa daga gindi ƙwal-ƙwal, sai wannan sinadari ya naɗe kowane ƙwal da fata siririya, ya hana shi fashewa. Dubbai suka taru, shi ne tukunya ta yi bori. Abin lura shi ne, wannan yakan fi tsanani a farkon tafasa kawai. Bayan minti goma ko sha biyar sinadarin yakan dunƙule ya zama gudaji-gudaji, kumfar ta kwanta da kanta. Wato matsalar ta ɗan lokaci ce, kuma wadda ta tsaya a bakin murhu a wannan lokacin ta ci rabin yaƙin.

Kumfa ta biyu tana zuwa bayan an sauke, lokacin da abin ya kwana yana tsami. Ƙwayoyin yisti suna cin zaƙin, suna fitar da iska. Wannan iskar ce take kumbura gorar kunun da ya wuni a rana, ita ce kuma take fasa jarkar da aka toshe bakinta.

Maganin da ba a saya

Kada a cika tukunya ta wuce kashi biyu cikin uku. Mun san abin da ke sa a cika ta: itace ya yi tsada, kowa na so ya gama a ɗori ɗaya. Amma abin da ya malale a toka hatsi ne, kuma ruwan tsiro mai zaƙi yana manne wa fata, ƙunarsa ta fi ta ruwan zafi muni. Yaran da ke rarrafe kusa da murhu su ne suka fi shan wannan wahala. Idan ƙuna ta faru, a yi ta kwarara ruwan sanyi mai tsabta a wurin har minti 20, kada a shafa ƙwai ko manja ko man goge baki, sa'an nan a tafi asibiti.

Da an ga kumfa ta fara hawa, a janye itace ɗaya ko biyu, a juya da muciya, a yayyafa ruwan sanyi da hannu daga ƙwarya. Kumfar da ta taru a sama a kwashe ta da ludayi a zubar, gama ita ce ke ɗauke da ƙaiƙayi da datti. Kakanninmu haka suke yi, kuma ba mu ga abin da ya fi shi ba.

Kada a rufe tukunyar ruf domin a danne kumfa. Murfi yana ƙara ta ne. Akwai kuma dalili mafi girma: tsiron dawa, musamman saiwa da ɗan ganyen, yana ɗauke da irin gubar da ke cikin rogo mai ɗaci. Shi ya sa ake shanya tsiro ya bushe sarai, a murje saiwar a sheƙe kafin niƙa. Sauran gubar da ta rage takan fita tare da tururi, idan an bar mata hanya.

Wajen kwana kuwa, a bar sarari a randa ko tulu, a rufe baki da tsabtataccen ƙyalle, a ajiye a inuwa. Durom ɗin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko na ciyawa ba ya wankuwa, kome sabulun da aka sa masa.

Idan dole sai an ɗiga wani abu

Man gyada ko man kaɗanya mai tsabta ya isa. Mai yana shiga cikin fatar ƙwal ɗin ya yaga ta, kumfar ta faɗi nan take. Masu yin awara sun daɗe da sanin wannan dabara wajen dafa madarar waken suya. Ɗigo kaɗan ake bukata. A tukunyar lita 20 ba ma son ya wuce rabin ƙaramin cokali. In ya yi yawa yakan taso sama, ya ɓata ɗanɗano, kuma abin ba ya daɗewa.

To, ga inda haɗarin yake. Kowane irin mai yana kashe kumfa, har da kananzir da baƙin mai na inji. Don abu ya kwantar da kumfa ba ya nuna cewa ciki zai karɓe shi. Masana'antun fenti da na jima da na rini, irin waɗanda ke Bompai da Sharaɗa da Challawa, suna amfani da magungunan kashe kumfa, amma an haɗa su ne domin injuna, sau da yawa da man da aka samo daga fetur. A ido fari ne kamar madara, ba ya bambanta da na abinci.

Gaskiya ne akwai na abinci. Kamfanonin giya da na lemo, da masu dafa giya a gida a Turai da Amurka, suna amfani da wani man silikon wanda a jikin kwali ake rubuta masa lamba E900. Ɗaya daga cikin sanannunsa shi ne Fermcap. Ɗan'uwansa ne ke cikin maganin kumburin ciki na kemis. Amma a Amurka doka ba ta yarda ya wuce miligiram 10 a kowane kilo na abinci ba. A lita 20 wannan bai fi miligiram 200 ba, wato kashi ɗaya cikin biyar na giram guda. Wace ce a cikinmu take da ma'aunin da zai auna haka? Kamfanoni kuma suna tace abin shansu da injin da ke cire ragowar, mu kuwa rariya da ƙyalle muke da su. Saboda haka ko na gaskiyar ma ba mu ga amfaninsa a tukunyar gida ba, balle wanda aka ɗura a kwalbar da ba ta da suna.

Mutanen Kano ba su manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta a asibiti suna amai da fitsarin jini, waɗansu suka rasu, bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin da aka saya a kasuwa. Hukumar NAFDAC ta bayyana cewa wani abin da aka sayar da sunan ɗan tsami ba shi ba ne, sinadari ne mai guba. Masu haɗa lemon ba su yi nufin cutar da kowa ba. Sun amince da abin da mai shago ya faɗa musu ne. A wurin gayya ko biki, tukunya ɗaya takan shayar da ƙauye guda.

Muna roƙon shugabannin zumuntar mata su karanta wannan darasi a taronsu na gaba, su kuma kai shi ga gidajen da ba sa zuwa sujada. Wadda take da irin kwalbar nan a ɗaki, kada ta zubar da ita kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha. Ta ɗaure bakinta, ta ajiye inda yara ba za su kai ba, ta miƙa wa ma'aikacin lafiya na yankinta.