In dutse ya faɗo daga sama, kada ku wanke shi

Aikina nazarin duwatsu ne, kuma yawancin samfurin da nake ɗauka daga yankin Riruwai yake fitowa, a Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Duwatsun can narkakku ne da suka daskare, tarihin wuta suke ɗauke da shi. Mai neman tarihin ruwa kuwa, gishiri yake bi.

Idan tafki ya ƙafe, gishirin da ya bari yakan kulle 'yan ɗigon ruwa a cikinsa, da duk abin da ke cikin ruwan, har miliyoyin shekaru. Shi ya sa masu shirin ɗebo ƙasa daga duniyar Mars suka sa ido a kansa. A 2008 hotunan kumbon Mars Odyssey suka nuna wurare kusan 200 masu alamar gishiri a kudancinta. Sai dai ba kowanne ake zaɓa ba. Ana son fili shimfiɗaɗɗe da kumbo zai sauka lafiya, gishirin ya zama na tafkin da ya daɗe kwance, kuma ƙura ba ta binne shi ba.

A Satumban 2023 kumbon OSIRIS-REx na Amurka ya dawo da giram 121.6 na ƙasar Bennu, wani dutse mai yawo a sarari. Da aka bincika, sai ga dangin kanwar nan da muke ba dabbobi. An gan ta ne saboda ba a bar danshi ya taɓa ta ba.

A nan maganar ta shafe mu. A Oktoban 1962 dutse mai kilo 18 ya faɗo a Zagami, ƙasar Katsina, daga baya aka tabbatar daga Mars yake. Wanda ya faɗo a Monahans ta Amurka a 1998 kuwa, an gaggauta kai shi ɗakin bincike, aka samu gishiri mai ɗigon ruwa a ciki. Da an wanke shi, shi ke nan.

Manoma da makiyayan Bebeji, Kiru da Tudun Wada, ku ne a fili dare da rana. Don Allah, in kun ga dutse ya faɗo, kada ku wanke shi, kada ku fasa, kada ku jiƙa don magani. Ku sa shi a busasshen mazubi mai murfi, ku riƙe wurin da ranar, ku sanar da mai gari, a kai shi sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello.