Gadon da Kaka Ta Bar Mana

Karatu: 2 Timoti 1:1-7

Manzo Bulus yana cikin kurkuku sa'ad da ya rubuta wa Timoti wannan wasiƙa. Da ya tuna da bangaskiyar saurayin nan, sai ya ambaci mata biyu: kakarsa Loyis, da uwatasa Afiniki. Uban Timoti Bahelene ne. Duk da haka yaron ya san Littattafai tun yana ƙarami, gama an koya masa a gida.

A ƙasarmu ma Allah ya ba mu irin su Loyis. Kakata, wadda ta haifi babanmu, tana cikinsu. Bayan da mishan ta SIM ta buɗe asibitin Galmi a 1950, ta goyo ɗanta marar lafiya daga ƙauyenmu na wajen Ƙonni ta kai shi can. A nan ta ji bishara, ta ba da gaskiya ga Yesu. Da ta koma gida, waɗansu dangi suka daina cin tuwon hannunta. Ba ta rama ba. Ranar suna ko rasuwa, ita ce take riga kowa zuwa daka. A hankali suka sāke karɓar ƙwaryarta.

Abu uku ta bar mana.

Na fari, Maganar Allah. Ba ta iya karatu ba, amma tana da Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar 1932, a naɗe cikin zane. Da muka shiga makarantar mishan, kowane dare bayan tuwo takan kunna fitila ta sa jika guda ya karanta mata. In yaro ya tsallake layi, sai ta tsai da shi, gama ta haddace wurin.

Na biyu, addu'a. Tun asuba takan durƙusa ta kira sunayen 'ya'ya da jikoki ɗaya ɗaya, har da waɗanda suka tafi cin rani Sakkwato da Abijan.

Na uku, kyauta. A yunwar 1984 rumbunanmu suka kusa ƙarewa. Duk da haka, kafin ta zuba gero a turmi, takan ɗebi tafi guda ta ajiye a tukunya dabam domin mabukata. Kirista da Musulmi duka sun ci daga tukunyan nan. Takan tuna mana da gwauruwar Zarefat, wadda ta ciyad da annabi Iliya da ragowar garinta.

'Yan'uwa, ana raba gona da rumbu a gado, amma bangaskiya sai kowa ya karɓi tasa. Shi ya sa Bulus ya gargaɗi Timoti ya hura baiwar Allah da ke cikinsa. Garwashin da aka ɗebo daga murhun kaka, in ba a sa masa kara ba, kafin safiya ya zama toka. Ku iyaye, kada aikin albasa ko kasuwa ya cinye lokacin sujada a gida. Ku tsofaffi, ko ƙarfin noma ya ƙare, aikinku a wurin jikoki bai ƙare ba.

Tambayoyi
1. Wane ne ya fara koya wa Timoti Maganar Allah?
2. Wa yake karanta Littafi a gidanku da dare?
3. Kai da kanka ka karɓi Yesu, ko kuwa kana dogara ga bangaskiyar kakarka?

Addu'a
Ya Ubangiji, mun gode maka saboda iyayenmu mata masu aminci. Ka taimake mu mu riƙe abin da suka koya mana, mu kuma koya wa 'ya'yanmu. Cikin sunan Yesu. Amin.