Dajin Bayan Gari, Na Wane Ne A Shari'a?

  Ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako ya shafi dajin da ke kewaye da garuruwanmu, wanda gine-gine suke cinyewa shekara bayan shekara.

Wanda ya san Kano ya san unguwannin Giginyu da Ɗorayi da Kurna. Sunayen itatuwa ne duka, amma yau gidaje suka fi yawa a can. Ita kanta Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ta sami sunanta ne daga kurmin da ke bakin Jakara. Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. A ƙidayar 1963 mutanen Nijeriya ba su kai miliyan 56 ba, a ta 2006 kuwa sun kai miliyan 140. Kowane magidanci yana bukatar inda zai sa iyalinsa, kuma neman muhalli ba laifi ba ne. Abin tambaya shi ne, dajin nan da ake yankawa fuloti-fuloti, ba shi da mai shi ne?

Da yawa sukan kafa hujja da babin da malaman fiƙihu suke kira ihya'ul mawati, watau raya matacciyar ƙasa, su ce wanda ya raya fili ya zama nasa. Gaskiya ne. Har ma Shehu Halilu, a cikin Muhtasar, ya lissafa sare itatuwa cikin hanyoyin rayawa, tare da fito da ruwa da gini da dashe da noma. To, amma masu wannan hujja sun karanta rabin babin ne suka rufe littafi. A mazhabarmu ta Malikiyya kowane gari yana da harimi, watau makiyayarsa da wurin yin itacensa, gwargwadon inda mutum zai fita da safe ya isa, ya komo gida a yinin. Wannan yanki hakkin mutanen garin ne baki ɗaya. Abin da ya yi nisa da gari ana iya raya shi ba da izinin kowa ba, na kusa kuwa sai da izinin shugaba, shi kuma ba ya ba da izini sai ya duba ya ga babu cutarwa ga jama'a. Ashe dajin bayan gari yana da masu shi: tsohuwa mai tsintar ƙirare, da Bafillace mai shanu goma, da mai saƙar tabarma da ke neman kaba.

Akwai kuma abin da Larabawa suke kira hima, wanda ya yi kama da gandun daji a wurinmu. A zamanin Jahiliyya, idan wani mai ƙarfi ya sauka a wuri mai dausayi, sai ya hau tudu ya sa karensa ya yi haushi, iyakar inda aka ji haushin ya zama nasa, babu mai kiwo a ciki sai shi. Musulunci ya rushe wannan. Manzon Allah, mai tsira da aminci, ya keɓe wurin da ake kira Naƙi'u saboda dawakin Musulmi, ba don kansa ba, ya kuma haramta sare itatuwan Madina tsakanin duwatsun Airu da Sauru. Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, kuma wasiyyar da ya yi wa baransa Hunayyu, mai tsaron hima, tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Ya umurce shi ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, amma ya tare dabbobin Ibn Aufin da na Ibn Affan. Dalilinsa shi ne, waɗannan biyu in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa sai dai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar Halifa yana kuka. A lura, manyan Sahabbai biyu ne aka hana, dukansu cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna.

Mu kuwa sau da yawa mun juya al'amarin. Gandun dajin da aka keɓe tun zamanin En'e, ana korar mai 'yan awaki daga cikinsa, ran nan sai a wayi gari an auna shi an raba wa masu hali. Wani ya kewaye nasa da katanga ya bar shi shekara goma yana jiran ya yi tsada, bai gina ba, bai dasa ko tsamiya ɗaya ba. Ni dai ban ga bambancin wannan katanga da haushin karen nan na Jahiliyya ba.

Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, don amfanin jama'a. Ke nan ko a dokar boko riƙo aka ba shi, ba mallaka ba, balle a Shari'a. Idan larura ta sa dole gari ya faɗaɗa, wajibi ne a kan hukuma ta fara da marasa muhalli, ta bar burtali da makiyaya, ta kuma keɓe wani harimi a madadin wanda aka cinye. Mai sayen fuloti shi ma ba a ɗauke masa bincike ba. In ya tabbatar cewa makiyayar jama'a ce aka yanka ba bisa ƙa'ida ba, takardar da ke hannunsa ba ta halatta masa ita.

Ga wanda ya riga ya gina a filin da ya samu ta hanyar halal kuwa, ƙofar lada a buɗe take. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi, sadaka ce gare shi. Lokacin dashe shi ne da zarar damina ta kankama, kuma ɗan itacen yana bukatar shinge saboda awaki, da ban ruwa a raninsa na farko.