Dalilin Bayyanar Sunayen Waƙoƙi a Wasu Faya-fayan CD

Gabatarwa

Akan sa wani faifan CD a na'ura a ga sunan waƙa da na mawaƙi, a sa wani kuma a ga lamba kawai. Ya kamata malami ya san dalilin haka, domin waƙar da aka adana ba suna kan rasa mai ita.

Asalin Tsarin Faifai

Kamfanonin Philips da Sony ne suka tsara faifan CD, ya shiga kasuwa a shekarar 1982. Jadawalin da ke farkon faifan yana nuna yawan waƙoƙi ne da inda kowace ta fara. Ba a tanadi gurbin suna ba.

Hanyoyin Samun Suna

1. Rubutu a cikin faifai: A 1996 aka fito da tsarin CD-Text, wanda ya ba da damar rubuta sunaye a jikin faifan. Sunan ba ya bayyana sai an rubuta shi lokacin ɗaukar faifan, kuma na'urar ta iya karanta shi.

2. Rumbun intanet: Kwamfuta kan lissafa yawan waƙoƙi da tsawonsu, ta nemi faifan da ya dace da su a rumbu irin su Gracenote. Idan ba a taɓa shigar da faifan ba, lamba ce za ta fito.

Kammalawa

Saboda haka, malamin da ya kwafi waƙoƙin Mamman Shata don koyarwa, shi ne zai rubuta sunayensu da kansa.

Auna Fahimta

Bambanta hanyoyin nan biyu tare da misalai.