Ko Mutum Yana Iya Zaɓen Ba da Gaskiya?

Karatu: Yahaya 11:38-53, 20:24-29

'Yan'uwa, akwai gardama da ake yi a gidajenmu. Yaro ya komo daga makaranta ya ce, "Baba, in ban ga mu'ujiza da idona ba, ba zan ba da gaskiya ba." Uban ya husata ya ce, "Ka ba da gaskiya kawai!" Dukansu biyu suna bukatar gyara.

1. Abin da ido ba ya gani

A Akokan, kusa da Arlit, kamfanin COMINAK ya haƙo yuraniyom daga 1978 har ya rufe a 2021. Wannan ƙarfe yana fid da wani tururi mai cutarwa wanda ba shi da launi, ba shi da wari. A Nuwamba 2009 mutanen ƙungiyar Greenpeace suka zo da na'urar awo, suka iske wurare a titunan Akokan inda tururin ya wuce kima nesa. Ba wanda ya gan shi. Mai gida sai ya auna shaidar waɗanda suka yi awon, sa'an nan ya yanke shawara ko zai hana 'ya'yansa wasa a wurin. Yawancin abin da muka sani ta bakin shaidu muka san shi.

2. A gwada shaida

Ba kowane labarin mu'ujiza ne gaskiya ba. A tambaya: Wa ya gani? Su nawa? Me suka samu, me suka rasa? Bulus ya ce fiye da mutum 500 sun ga Yesu bayan tashinsa, yawancinsu kuwa suna da rai sa'ad da ya rubuta (1 Korantiyawa 15:6). Manzanni sun sha duka da kurkuku saboda wannan shaida. Yesu kansa ya aiki kutare goma wurin firistoci a duba su (Luka 17:14). Saboda haka in an ce ka warke ta wurin addu'a, ka gode wa Allah, ka tafi likita ya duba ka. Kada ka bar shan maganinka kafin nan. Gaskiya ba ta tsoron awo.

3. Mu'ujiza ba ta tilasta wa zuciya

Li'azaru ya kwana huɗu a kabari. Taro ya ga fitowarsa. Waɗansu suka ba da gaskiya, waɗansu suka kai ƙara wurin Farisiyawa. Daga baya manyan firistoci suka ƙulla su kashe Li'azaru ma (Yahaya 12:10). Ba shaida suka rasa ba, matsayinsu suke tsoron rasawa.

4. To, ina zaɓi yake?

Ba ka iya umartar zuciyarka ta gaskata kamar yadda kake umartar jaki ya tsaya. Bangaskiya kyautar Allah ce (Afisawa 2:8). Amma kai ne za ka zaɓa ko za ka bincika ko za ka kau da kai. Toma ya yi shakka, duk da haka bai bar taron 'yan'uwa ba, a can kuwa Ubangiji ya same shi. Mutanen Biriya suka bincika Littattafai kowace rana (Ayyukan Manzanni 17:11).

Iyaye, kada ku kori ɗan da ke tambaya. Ku zauna da shi ku karanta Bisharar Yahaya, sura ɗaya kowane dare. Kai kuma saurayi, ka tambayi kanka: in ta tabbata gaskiya ce, zan bi?

Tambayoyi:
1. Don me waɗansu da suka ga Li'azaru suka ƙi?
2. Wane abu ne kake tsoron rasawa in ka bi Yesu?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba mu zuciya mai son gaskiya, da ƙarfin binta in mun same ta. Amin.