Mata A Shugabancin Cibiyoyin Ciniki: Darasi Ga 'Yan Kasuwar Birnin Bauchi

A shekarar 2019 ce aka ɗora Hajiya Saratu Iya Aliyu bisa kujerar shugabancin Ƙungiyar Cibiyoyin Ciniki da Masana'antu da Ma'adinai da Aikin Gona ta Nijeriya, wato NACCIMA, wadda aka kafa tun 1960. Ita ce mace ta biyu da ta riƙe wannan muƙami, bayan marigayiya Iyalode Alaba Lawson ta Abekuta, wadda ta shugabanci ƙungiyar daga 2017 zuwa 2019. Hanyar da Hajiya Saratu ta bi har ta kai wannan matsayi tana ƙunshe da darasi ga duk garin da ke neman farfaɗo da harkokin ciniki na tsakiyarsa, musamman birnin Bauchi, inda mata ke da hannu dumu-dumu cikin saye da sayarwa amma ba kasafai ake ganinsu a zauren da ake yanke shawara ba.

Matakan Da Ta Taka

Hajiya Saratu ta fara ne da harkar kasuwancinta, daga nan ta shiga Cibiyar Ciniki ta Kaduna, wato KADCCIMA, ta yi ta hidima har ta zama shugabar cibiyar. Wannan cibiya ce ke shirya bikin baje kolin duniya na Kaduna tun daga 1979, bikin da a duk lokacin da aka buɗe shi masaukan baƙi kan cika, masu motocin haya da masu abinci da masu ɗab'i su sami aiki, ƙananan masana'antu kuma su haɗu da dillalan da ba su taɓa sani ba. Saboda haka duk wanda ya shugabanci irin wannan cibiya, ya riƙe ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da kuɗi ke bi su shiga gari.

Daga Kaduna ta hau zuwa matakin ƙasa, inda ta yi mataimakiyar shugaba kafin ta karɓi ragama. Wa'adinta na shekara biyu, daga 2019 zuwa 2021, ya faɗo ne a lokacin tsanani. A watan Yulin 2019 Nijeriya ta rattaba hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka a birnin Yamai. A watan Agustan wannan shekara Gwamnatin Tarayya ta rufe kan iyakokin ƙasa na tudu, ba a fara buɗe su ba sai a Disambar 2020. A tsakanin haka kuma annobar korona ta sa aka rufe kasuwanni. A duk waɗannan al'amura, ƙungiyar da take shugabanta ce ɗaya daga cikin muryoyin da gwamnati ke saurare a madadin 'yan kasuwa.

Abin lura a nan shi ne, dukiyar ɗan kasuwa guda, kome yawanta, gidansa da kamfaninsa take ginawa. Gina kasuwa da gari kuwa sai an haɗa kai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Halin Da Bauchi Ke Ciki

Malam Yakubu ne ya kafa birnin Bauchi a farkon ƙarni na 19, ya kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi, waɗanda har yau sunayensu ke bisa unguwanni, kamar Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Nasarawa. Layin dogo ya iso garin a farkon shekarun 1960, sannan a 1976 ya zama hedkwatar jiha. Bayan haka aka sami kamfanin harhaɗa motoci na Steyr, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da jami'ar da aka kafa a 1980 wadda yanzu ke ɗauke da sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa. Garin yana kan mahaɗar hanyoyin Jos da Gombe da Kano da Maiduguri.

Sai dai manyan masana'antun da aka ɗora wa buri sun ja baya tun bayan matsin tattalin arziki na shekarun 1980, lamarin da ya bar garin yana dogaro da albashin ma'aikata da kuma cinikin da ake yi a Babbar Kasuwa da Kasuwar Wunti da Kasuwar Muda Lawal. Wani kaso mai tsoka na kayan da ke shiga waɗannan kasuwanni daga hannun mata yake fitowa: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, daddawa, garin kunu, shinkafar da aka turara aka sussuke, ɗinki da saƙa da turaren wuta. Masaniyar nan 'yar Ingila, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa kusa da Katsina cikin shekarun 1960, ta kira irin wannan harka da sunan cinikin ɓoye, domin a cikin gidaje ake yin ta, ba ta shiga lissafin hukuma.

Ta fuskar jari kuwa, an daɗe ana ƙoƙari. Ban da adashi, wanda shi ne bankin mata na asali, an yi shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987, da Bankin Al'umma na 1989 mai ba da rance ba tare da jingina ba. A cikin garin Bauchi kansa, cibiyar nan ta DEC, wadda aka kafa a 1987, ta shahara wajen bai wa ƙungiyoyin mata ƙananan rance. A 2013 kuma Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da asusun Naira miliyan dubu 220 domin ƙananan sana'o'i, ya keɓe wa mata kashi 60 cikin 100.

Duk da haka, rance kaɗai ba ya ba mace rumfa a kasuwa. Ranar da za a sake gina kasuwa, ko a faɗaɗa titi, ko a ƙara kuɗin haraji, ko a raba shaguna bayan gobara, da shugabannin ƙungiyoyi masu rajista ake zama. Wadda ke kasa kaya a tebur ko a bakin hanya, ba ta da takardar rumfa, ba ta cikin kowace ƙungiya, ita ce ake fara tasa, ita ce kuma ta ƙarshe a jerin masu samun sabon wuri.

Darussan Da Za A Ɗauka

Na farko shi ne rajista. Cibiyoyin ciniki da bankuna da masu sana'a mai rajista suke hulɗa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa wannan, domin ta amince mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai.

Na biyu shi ne riƙe littafin ciniki da raba uwar kuɗi da kuɗin cefane. Dokar 2017 ta jinginar da kadarori masu motsi ta ba da damar a karɓi rance da keken ɗinki ko injin niƙa ko dabbobi a matsayin jingina, abin da ke da muhimmanci ga matan da ba su da takardar fili. Amma banki ba zai saurari wadda ba ta da lissafi a rubuce ba.

Na uku shi ne shiga ƙungiya da zama cikinta. Jihar Bauchi tana da tata cibiyar ciniki, kasuwanninta kuma suna da ƙungiyoyinsu. Shugabanci a irin waɗannan wurare hawa-hawa ne: biyan kuɗin ƙungiya, halartar taro, aikin kwamiti, sannan tsayawa zaɓe. Haka Hajiya Saratu ta yi a Kaduna, haka kuma Iyalode Lawson ta yi a Abekuta kafin ta kai matakin ƙasa.

Na huɗu ya shafi hukuma ne. Duk kwamitin da gwamnatin jiha ko ƙaramar hukuma za ta kafa kan kasuwa, ya kamata a tanadi kujerar wakiliyar mata 'yan kasuwa, a kuma ƙidaya masu tebur kafin a rushe ko a sake gini. Bukatunsu sanannu ne: ƙananan rumfuna masu sauƙin haya, ruwa da makewayi, wurin ajiyar kaya, da haraji guda mai rasit maimakon karɓe-karɓe barkatai.

Matan Bauchi suna da sana'a, suna da jarin da suka tara da guminsu, suna kuma da yawa. Abin da ya rage shi ne su mayar da wannan yawa ya zama kujera a majalisar cibiyar ciniki da kwamitocin kasuwa, tun kafin a zo rabon shaguna na gaba.